Berni a Kan Lallen Hajiya Rabi

Ku yaran yanzu da kun ga mutum riƙe da buroshi yana shafa wa tebur berni sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, kowa aka miƙa wa gwangwani zai yi. Kwanan baya wani a cikinku ya tsaya a ƙofar atiliyena, wato shagon aikina, ya nuna mini a waya yadda wani Bature ya gama ƙofa ɗungurungum kafin shayi ya tafasa. Na ce masa madalla, amma ya tambayo mini Baturen ko ƙofar tasa ta taɓa wuni a ranar Yamai. Har yau bai dawo da amsa ba. Sunana Habu, Bagobiri ne ni daga wajen Maradi, kuma a unguwar Dar es Salam in ka ce Habu mai berni, ko ɗan taksi ya san inda zai aje ka.

Aikina na farko bencin makaranta ne, tuli guda, waɗanda ƴan lakwal suka sassaƙa wa sunayensu da ƙusa. Maigidan da ya koya mini sana'a, Kwasi, mutumin Togo ne, gajere, mai Hausa a karkace. Ya miƙo mini takardar yashi ya ce in goge. Na goge har yatsuna suka daina jin zafin kofin shayi, na kira shi ina jiran yabo. Bai ko dubi bencin ba. Ya rufe ido ya bi shi da bayan hannu, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan akwai dutse. Sake." Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa buroshi ba sai dai in wanke shi. A wajensa na koyi cewa kayan aikinmu ba su da yawa amma kowanne da halinsa. Takardar yashi akwai mai kaushi ta fara hanya, akwai mai laushi ta rufe. Buroshi in ya fara zubar da gashi ka ba masu fentin bango, su ba ruwansu. Dilwan, ruwan da ake tsinka berni da shi, in ka cika shi berni ya zama ruwan wanka, in ka ƙi sa shi ya zama kunu. Tsumma kuwa sai na tsohon zanen auduga wanda aka wanke har ya gaji, shi ne ba ya barin zare a jikin katako.

Mummunar shekararmu ita ce shekarar da wani berni mai arha ya cika kasuwar Katako. Gwangwaninsa ya fi na kowa kyau, ƙyallinsa kamar an zuba wa katako zuma. Duk masu berni na Yamai muka rufa a kansa. Ashe a inuwa yakan bushe, amma da rana ta taɓa shi sai ya farka. Wani attajiri ya jera kujerun da muka yi masa a ƙofar gida ranar sunan jikansa, manyan mutane suka zazzauna da shaddodinsu. Da aka shafa fatiha aka tashi, wasu suka tashi da kujerun. Yanzu abin dariya ne, amma a lokacin ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Mutane suka koma wa kujerun roba da na ƙarfe, atiliyoyi suka yi ta rufewa, wasu abokan koyona suka koma tuƙin babur. Kwasi bai rufe ba, amma tun daga ranar bai ƙara yarda da rubutun jikin gwangwani ba. Kowane sabon berni ya zo, sai ya shafa wa guntun katako ya jefa kan kwanon rufi, ya bar rana da ruwa su yi masa tambayoyi. Ni ma haka nake yi har gobe, shi ya sa kuke ganin rufin atiliyena kamar wurin shanyar kilishi.

Aikin da nake so in ba ku labari, wata safiya ya iso da ƙafafunsa huɗu, yana tari. Tsohuwar bashe ce, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, amma a bayan nata an kafa ɗaki na katako, da ƙofa, da taga biyu, da ɗan rufin kwano. Mai ita Malam Isufu ne, Badamagare, tsohon malamin lakwal da ya aje aiki. Shekara da shekaru yana koya wa yara taswirar ƙasa, inda kogi ya bi, inda dutse ya tsaya, shi kuwa bai san ko'ina ba sai hanyar aji da ta masallaci. Da ya samu hutu ya rantse sai ya ga abin da ya koyar da idonsa, kuma ba zai kwana a ɗakin baƙi na kowa ba. Da hannunsa ya ƙera ɗakin a tsakar gida. Maƙwabta suka sa masa suna akurkin Malam, shi kuwa ko a jikinsa. A gaskiya ƙirar ba laifi, in ka kau da kai daga ƙusoshin da suka shiga a karkace suka fito suna gaisuwa.

Amma ba ƙirar ce ta tsayar da ni ba, launin ne. Farin katako ne na kasuwar Katako, mai arha, wanda ba shi da wata fuska. Sai ga shi ja wur mai duhu, irin jan da ban taɓa gani a cikin gwangwani ba. A jikin ƙofa da kewayen tagogi kuma an yi zane, ganye da ɗigo da layi mai lanƙwasa, irin wanda ake yi wa amare a ƙafa. Na kai hanci na sansana.

"Malam, wanga ai lalle ne."

"Lalle ne," in ji shi, yana gyara tabarau. "Aikin Hajiya ne. Ni na ce mu sayi fenti, ta ce ba za ta kwana a cikin abin da ya yi kama da kantin magani ba."

Hajiya Rabi matarsa ce, kuma duk matan Dar es Salam sun san ta, don da wuya a yi bikin da ba ita ta yi wa amarya ƙunshi ba. Ta dama lallenta da lemun tsami da ruwan shayi mai kauri, ta bi katakon nan allo bayan allo, zanen kuma da yatsa ta yi shi. Ba a daɗe da gamawa ba hawan jini ya buge ta, ɓarin damanta ya shanye. Ta tashi, baki ya fara dawowa, ƙafa tana ja, amma hannun dama ya kwanta a cinya bai ƙara ɗaukar ko cokali ba. Yanzu tafiyar ta sauya manufa. Hajiya tana son zuwa Damagaram wajen yayarta, kuma ba za ta iya zaman motar haya ba, sai dai a kwance a cikin akurkin nan.

"Malam Habu," in ji shi, "na yi bincike. Bernin jirgin ruwa nake so, mai ƙarfin nan, wanda in an shafa an gama. Ka sa masa ya yi ƙyalli, rana ta gani ta koma."

Binciken nasa daidai ne, ni ma da shi zan fara. Amma ban taɓa shafa wa aiki berni a fuska ba sai na gwada a inda ido ba ya zuwa. Na durƙusa na shafa kaɗan a allon ƙasa, kusa da taya. Maimakon ya kwanta sai ya tattare, ya yi ido-ido kamar mai a kan miya. Na goge na sake, haka. Na kawo wani gwangwanin, haka. Na dangwala yatsa a katakon na murza, na ji santsin da bai kamata ya kasance a wurin ba.

Da la'asar na bi shi gida. Hajiya tana zaune a kan tabarma a inuwar dalbejiya, an jingina ta da matashi. Bayan mun gaisa na yi mata ya jiki, na ce, "Hajiya, don Allah bayan lallen mi kika shafa ma katakon nan?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ana sa gishiri a miya. "Man kaɗanya mana. Wa ya taɓa wanke lalle ya bar shi haka ya bushe? Ai sai ya yi fari ya tsage. Kai matarka ba ta ƙunshi ne?"

"Tana yi, Hajiya, amma ban taɓa shafa mata berni ba."

Ta yi dariya har tana riƙe ɓarin bakin da bai gama dawowa ba. Ni kuwa dariyata ba ta kai ciki ba, don na san abin da ke gaba. Ba sau ɗaya ta shafa ba. Kullum da yamma, kafin ciwon, sai ta bi ɗakin nan da man kaɗanya kamar jaririn da aka yi wa wanka, katako kuma ya sha ya ƙoshi. Berni ba ya zama a kan maiƙo. Hanyar da kowane mai berni ya sani guda ce, a kankare da takardar yashi mai kaushi har a iske farin katako, a sake turi, sannan a shafa. Na ja Malam gefe na faɗa masa haka a hankali.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Ka kankare, sannan wa zai sake zanawa?" Ya waiwaya wajen tabarmar ya rage murya. "Wannan shi ne na ƙarshe da hannun nan ya yi. In rana za ta cinye shi, ta cinye, amma ba ni zan kawo mai takardar yashi ba."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Amma tausayi ba ya hana rana aiki. In aka bar ɗakin haka, zafin bazara zai kodar da jan, ruwan farko ya shiga ta tsagogi, kafin kaka zanen ya zama tarihi. In aka kankare, ya tafi a wuni guda. Aka bar ni a tsakiya da buroshi a hannu.

Sa'ar da aka yi, Malam irin mutanen nan ne da ba sa zubar da komai. A bayan ɗakin girki ya tara guntayen allunan da Hajiya ta gwada launi a kansu, su ma duk sun sha man. Na kwashe su na tafi da su. Wani na wanke shi da dilwan na sa masa bernin jirgin ruwa. Wani na sa masa bernin mota da ake fesawa da fistole, bindigar fenti. Wani na sa lazir, wanda ke shiga cikin katako maimakon ya hau kansa. Wani na bar shi tsirara don ya zama shaida. Saura guda na rasa abin da zan sa masa, sai na sa shi a aljihu na gangara Gudel bakin kogi, wajen abokina Hamani, Bazabarme mai gyaran jiragen masunta. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kun san ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Fofo, bawana," in ji shi. "Yau kuma yunwa ce ta koro ka bakin ruwa?"

Na ba shi guntun na faɗa masa matsalar. Ya murza, ya sansana, ya kwashe da dariya. "Ku Gobirawa komai sai kun sa masa riga mai ƙyalli. Itacen da ya sha mai, mai ya sani. Ka taɓa ganin na sa wa jirgi gilashi? Ƙara masa wani man, wanda ke bushewa, ka bar shi ya yi numfashi. Sai dai fa kamar doki yake, kullum yana son hannu."

Na ce masa wannan ne karo na farko da na ji magana mai ma'ana ta fito daga bakin Bazabarme, ya jefe ni da ɓawon kifi. Na koma na dama man lin, wato man da masu fenti ke sayarwa a kwalba, na tsinka shi, na ɗiga masa ɗan jan turi kaɗan don ya tare rana, na shafa wa guntun na ƙarshe da tsumma. Duka na jera su a kan kwano. Ɗakin kuma na sa aka rufe shi da tanti a tsakar gida.

Daga nan Malam ya zama ɗan atiliye. Kusan kullum sai ya zo, ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar mai duban wata. "Malam Habu, yaushe sakamako zai fito?" Na ce masa shi da ya saba sa yara jiran jarrabawa, yau ya ɗanɗana. Bazara ta gasa guntayen son ranta, aka yi ruwan farko mai iska, aka yi na biyu, rana ta sake fitowa a kansu. Sannan na sa tsani na sauko da su, muka ɗauka zuwa gaban Hajiya, don na lura a gidan nan takarda ce kawai ake kai wa Malam, hukunci kuwa na Hajiya ne.

Bernin jirgin ruwa ya yi ƙyalli a tsakiya, amma gefe ya ɗaga, ina ja da farce ya taso kamar ɓawon albasa, ya taho da jan lallen a jikinsa. Na mota ya tsattsage. Lazir bai yi laifi ba, sai dai ya shiga wani wuri ya ƙi wani, ya bar allon dabbare-dabbare. Na tsirara ya yi fari fat. Na man lin ba shi da ƙyalli ko kaɗan, ya ƙara duhu, ƙura ta ɗan manne masa. Amma da na goge shi da tsumma na zuba ruwa, ruwan ya gangare, jan yana nan, ɗigon da Hajiya ta yi da yatsa yana nan.

Malam ya juya shi gaba da baya, fuska ba daɗi. "To shi wannan shekara nawa zai yi?"

"Shekara? Malam, wanga ba ya shekara. Kafin damina a shafa, bayan damina a shafa, in ya yi tafiya mai nisa a wanke a shafa. In an bar shi, ya bar ku. Kuma in an tsaya a rana a rufa mai tanti."

"Ni na zo neman abin da za a yi sau ɗaya a huta, kai kuma ka haɗa ni da aikin har abada."

"Malam," in ji Hajiya daga kan tabarma, "kai da ka aje aiki, hutun me kake nema kuma? Miƙo mini nan in gani." Ta karɓa da hagu, ta ɗora a cinya, ta bi zanen da babban yatsa. "Wannan ne bai ɓata mini aiki ba. Shi za a sa. In shafawa ce, ni na saba."

Ranar shafin farko a tsakar gidansu aka yi. Na wanke maiƙon sama-sama da hannu mai sauƙi, na toshe bakin allunan da mahaɗarsu inda ruwa ke fara sata, sannan na nuna musu yadda ake yi. A ɗiba kaɗan, a bi tsawon katako, a jira ya sha, a goge ragowar tas, don man da aka bari a sama shi ke zama danƙo. Na gargaɗe su kada a dunƙule tsumman a jefa a lungu, don yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta, a shanya shi a fili ko a tsoma a ruwa. Malam ya ɗauki allunan sama. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera gaban ƙofar, ta ce zanenta ba mai taɓa mata shi. Ta fara da hagu, tsumman yana kuɓucewa, tana tsaki. Can sai ta kamo hannun daman da na hagu, ta ɗora shi a kan tsumman, ta danne, ta riƙa jan su tare. Malam ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

Bayan sati suka kama hanyar Damagaram, maƙwabtan da suka sa wa ɗakin suna akurki su ne suka fi kowa ɗaga hannu. Ni dai na koma kan teburana. Lokaci-lokaci Malam yakan kira ni a waya, ba don gaisuwa ba, sai don ya kai ƙara. Wai a kowane zango Hajiya sai ta sa an tsaya a inuwa an goge ƙura. Wai a Dogon Dutsi mata sun kewaye motar suna tambayar wa ya yi zanen. Wai man ya kusa ƙarewa tun ba a je ko'ina ba, don ita ba ta san kaɗan ba. Na ce masa ya riƙa ɓoye kwalbar, ya ce in zo in ɓoye da kaina in na isa.

Sai bayan kaka na sake jin tarin bashen nan a ƙofar atiliye. Kafin in gaishe su na zagaya ɗakin, don haka sana'a ta mayar da ni. Ya yi duhu kamar dabino, ɓarin da ya fi shan rana ya ɗan kode, wata ƙusa ta ƙara fitowa gaisuwa. Amma ba tsaga, ba ɓawo, kuma zanen ƙofar ya fi ko'ina sheƙi, irin sheƙin da buroshi ba ya bayarwa sai yawan shafa. Malam ya ce likitan da ke motsa mata hannu a can ya yi ƙoƙari ƙwarai, ni kuma ban yi gardama ba, kowa da sana'arsa.

Ya buɗe ƙofar ya sa mata ɗan matakala. Hajiya ta sauko a hankali, tana jan ƙafa, ta dubi teburin da na gama fesa wa berni da safe ta taɓe baki.

"Malam Habu, wannan ƙyallin naku dai na ƴan kwanaki ne. Ungo, cika mini, kuma kada ka tsinka shi da yawa irin na wancan karon."

Ta miƙo mini kwalbar man, wayam. Kwalbar tana rawa, yatsu biyu ne kawai suka riƙe wuyanta da kyau, amma da hannun dama ta miƙo. Na sa hannu biyu na karɓa.